Kalangun da Aka Kankare

Gwadabe yana tsakiyar yanka fatar takalmi a ƙofar soronsa ya ji adaidaita sahu ta tsaya a bakin lungu. Ya ɗaga kai ya ga mai saukowa, sai wuƙar ta suɓuce daga hannunsa.

Baba Ilu ne. Baba Ilun da duk lungun suka raka da hantsi ana ta yi masa Allah ya kiyaye hanya, mutumin da ya kamata a ce yanzu yana can sama, jirgi ya nufi Turai da shi. Ga shi nan cikin sabuwar shaddarsa ruwan toka, ga ɗansa Lawal a baya yana jan akwati, fuska a murtuke. Jakar da aka ɗinka wa kalangu tana rataye a kafaɗar tsohon, a lanƙwashe, ba komai a cikinta.

"Subhanallahi! Yaya, lafiya? Jirgin ne ya fasa tashi?"

"Jirgi ya tashi, Baduku," in ji Baba Ilu. Haka yake kiran Gwadabe tun suna samari, saboda sana'arsa ta fata. "Sannu da aiki."

Ya raɓa shi ya shige gida. Gwadabe ya cafko hannun rigar Lawal.

"Kai, yi mini magana. Ina kalangun?"

"Sun karɓe, Baba Gwadabe."

"Su wa?"

"Masu duba kaya. Wai itacen madobiya ne, kuma an hana fita da madobiya ƙasar waje, ko gungume ko sassaƙaƙƙe, sai da takardar izini. Abokan tafiyar suka yi ta roƙonsa ya taho haka, a can a ba shi aron wani. Ya ce shi bai iya kiɗa da kalangun aro ba."

"Wace irin magana ce wannan? Kalangun da ya girme ni, ya girmi ubanka? Lokacin da aka sare itacen nan ko kakan mai dokar ba a haifa ba!"

"Sun ce sabo ne," in ji Lawal, idonsa a ƙasa. "Sun ce ko shinshinawa mutum ya yi ya san bai daɗe da barin hannun masassaƙi ba."

Ya zare rigarsa a hankali ya bi bayan ubansa. Gwadabe ya tsaya nan a tsakiyar lungu, baki buɗe. Don ya san wanda ya mayar da kalangun nan sabo, kuma ba nesa yake ba.

Sai an san Ilu kafin a san abin da aka karɓe. Makaɗin mahauta ne, ɗan makaɗin mahauta, kuma kakansa ne ya sassaƙa kalangun da hannunsa. A zamanin da abin yake abin, idan Ilu ya matse kalangu a hammata ya tsaya a mayanka, matan da ke cikin gida a gindin Dala sun san an yi yanka, har sun san wane mahauci ne ya kayar da sa, don kowa da takensa. Mahauta kuwa ba sa barinsa ya koma gida hannu rabbana, daga mai miƙo tsire sai mai miƙo kitse. Shi ya sa kalangun ya yi baƙi ƙirin. Maiƙon nama da hayaƙin tukuba da gumin mutum uku, kaka da uba da ɗa, duk sun taru sun daskare a jikinsa har ba a ganin itacen. A ƙugunsa kuma akwai tabon wuta, na wata gobara da ta taɓa cin rumfar mahauta, ranar da uban Ilu ya faɗa cikin hayaƙi ya ciro shi.

Sai zamani ya juya. Da soja suka koma bariki aka dawo siyasa, kowa ya ce to, makaɗa sun warke. Ashe masu fiyano ne za su warke. Mahautan yanzu kuwa in sun yi yanka waya suke bugawa. Ilu ya koma zaman soro, sai jefi-jefi a kira shi biki ko filin dambe. Ana nan, shekaru sun tura, kwatsam wasu masu shirya bikin kaɗe-kaɗen gargajiya a Turai suka aiko ana neman tsohon makaɗin kalangu, wani malamin jami'a ya nuna musu Ilu. Mutumin da ko Legas bai taɓa zuwa ba! Lungun nan ya ɗauka, kowa yana jin kamar shi ne zai hau jirgin.

Gwadabe kuwa ya fi kowa rawar jiki. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma tun yana saurayi shi ke sa wa kalangun nan fata duk lokacin da ta fashe. Mutum ne mai zuciya ɗaya, Allah ya sani, amma akwai shi da karambani, in dai abu ya shigo hannunsa sai ya ƙara masa wani abu da ba a ce ba. Ana saura mako guda tafiya Ilu ya miƙo masa kalangun ta kan dakali.

"Fata za ka sauya masa, Baduku, da tsarkiya. Shi ke nan."

Gwadabe ya kwance tsarkiyoyin, ya ɗaye fatun biyu, ya ɗaga itacen tsirara a rana. Kunya ta kama shi. Haba! An ɗinka wa mutum shadda, an saya masa takalmi da hula, sannan a bar shi ya tsaya gaban Turawa da wannan dauɗar a hammata? A ce Kanawa ƙazamai ne? A garin nan ko yaro za a tura ƙauye gaida kaka sai an cuɗe shi da soso an shafe shi da mai. Ya samo fasasshiyar kwalba ya zauna. Yini guda ya yi a rana yana kankara, baƙin yana zubowa a nannaɗe tsakanin ƙafafunsa, har ya cinye tabon wutar ma. Daga ƙarƙashi sai ga itace ja wur ya fito, yana ƙamshi. Ya goge shi da man gyaɗa, ya ɗinka masa sabuwar fata da jajayen tsarkiyoyi. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce, "Kai, Malam Gwadabe, hannunka da albarka!"

Da ya kai wa Ilu, tsohon ya karɓa ya juya shi, ya sake juyawa. Babban yatsansa ya shiga tsakanin tsarkiyoyi ya nufi ƙugun, inda tabon yake a da, ya tsaya a nan.

"Ya ka gan shi, Yaya? Ango sak, ko?"

"Ka sha aiki, Baduku."

"Ai sai Turawan nan sun yi ta ɗaukarsa hoto."

"Ka sha aiki ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

Gwadabe ya koma soronsa yana jin kansa a sama. Da yamma ma har da tsokana, don ya tarar da Gwaggo Tani, matar Ilu, a duƙe da tsintsiya tana share ƙofar soronsa shi Gwadabe, abin da ba ta taɓa yi ba.

"A'a, matar Yaya! Yau ni ake wa shara? Ko dai kin ga zai tafi Turai ne kin fara shirin dawowa gidana?"

"Kai dai ɗaga ƙafarka," ta ce. Ba ta yi dariya ba. Ta kwashe sharar a tsohon faifai ta shige gida.

Duk wannan ne ya faɗo wa Gwadabe a ka lokaci guda, yana tsaye a lungu, ƙarar adaidaita sahu tana nisa.

Washegari Baba Ilu bai fito soro ba. Kwana na biyu ma haka. Ba zazzaɓi, ba tari, ba inda yake cewa yana yi masa ciwo. Lawal ya kai shi asibiti, aka ce jininsa ya hau, aka ba shi ƙwayoyi. Yana sha, yana salla, yana amsa gaisuwa, amma kullum sai ka ga kamar an ɗebe wani abu daga jikinsa. Mutanen lungu kuwa, waɗanda suka ce hannun Gwadabe da albarka, su ne yanzu in ya doso majalisa sai hira ta mutu. Lawal ma gaisuwarsa ta koma guntuwa, yana yi yana tafiya.

Gwadabe ya sayi goro fari ya yi sallama ya shiga. Ya tarar da Ilu kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, gular da yake kaɗa kalangu da ita tana gefen matashinsa, yatsun hannunsa na hagu suna ta bugun ƙirjinsa a hankali, shi kansa bai san suna yi ba.

"Yaya, ya jikin?"

"Da sauƙi, Baduku. Zauna mana."

Ya zauna. Ya gyara murya, ya sake gyarawa.

"Yaya, maganar kalangun nan, ni fa na san..."

"Ka ji an ce buhun gero ya ƙara tashi?"

"Yaya, don Allah ka bar ni in faɗa."

"Ƙaddara ce. Ɓare mana goron nan, tun ɗazu nake ganinsa a hannunka."

Gwadabe ya ɓare, ya miƙa masa rabi. Wallahi da Ilu ya tashi ya zage shi tas a gaban Tani, ko ya ɗauki gular nan ya ƙwala masa a ka, da ya fi masa sauƙi. Amma mutum yana kwance yana narkewa, yana kuma yi maka murmushi yana tambayarka farashin gero! Ya fito yana share ido da hular kansa. Abinci ya daina wuce masa. Abu ɗaya kawai yake so a duniya, ya ga kalangun nan ya koma hammatar mai shi.

Ranar Alhamis da safe, yana zura zare a allura, abin ya faɗo masa. Cikin kalangun! Ranar da ya ɗaye fatun ya leƙa ciki, ya ga baƙi kamar bayan tukunya, ga sawun gizagon kakan Ilu, ga 'yan tsakuwoyin da ake zubawa don su ba da amo. Bai taɓa cikin ba, don ya san ba Baturen da zai gani. Ya watsar da allurar ya faɗa gidan Ilu ko sallamar kirki bai yi ba, ya karɓi 'yar takardar da aka ba Lawal ranar da aka riƙe kayan.

"Yaya," ya ce daga bakin ƙofa, "yau da kalangunka zan dawo, in Allah ya yarda."

Ilu yana zaune ya jingina da bango, kofin koko a gabansa. Ya dube shi.

"To, Baduku. A dawo lafiya."

A filin jirgi an wahalar da shi kafin ya sami inda ya dace, wannan ya tura shi gaba, wancan ya ce ya dawo baya. A ƙarshe aka kai shi wani dogon ɗaki can gefe, inda ake ajiye kayan da aka riƙe. Ya shiga ya ja da baya. Turame ne jibge, da kujerun tsugunno, da faffaɗan katako, da ganguna waɗanda ko fata ba a sa musu ba, duk ja wur, duk ƙamshi ɗaya. A can kan wani kanta ya hango nasu, da jajayen tsarkiyoyinsa, ya saje da su tsaf kamar tare aka sassaƙa su jiya.

Ma'aikaciyar da ke kula da wurin sunanta Malama Sa'ida, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta ba shi kujera, ta duba takardar, ta saurare shi har ya gama kame-kamensa.

"Baba, ba mugunta muke yi ba," ta ce. "Ni 'yar Taraba ce. Ina ƙarama madobiya ce inuwar gonarmu. Yanzu ka je ka gani, kututture ne kawai, an lode su a tirela an kai bakin teku. Da aka hana fitar da gungume sai wasu suka koma sassaƙa shi, a ce turmi ne, a ce ganga ce. Ka dai ga ɗakin nan da idonka."

"Na gani, 'yata. Amma wannan na gado ne, wallahi tallahi."

"Na tuna tsohon. Ni ce ma na tsayar da shi." Ta cire tabaronta ta ajiye. "Na ga shekarunsa, na ga yadda ya rungume abin, sai na ce, Baba, wannan na gado ne? Don in tsoho ne da aka sassaƙa tun kafin dokar, maganarsa daban ce, akwai hanyar da ake bi. Ɗansa yana ta rantse-rantse cewa na kakansu ne. Shi kuwa ya tsura wa kalangun ido ya daɗe, sannan ya ce mini, 'Yata, ni ma ban san shi ba. Na ubana baƙi ne."

Gwadabe ya ɗago kai.

"Ya ce me?"

"Haka ya ce. Na sake tambayarsa, don ban gane ba. Ya ce, ki riƙe shi. Da hannunsa ya ɗora shi a tebur ya juya ya tafi. To Baba, mai abu ya ce bai san abinsa ba, ni me zan rubuta?"

Gwadabe bai san lokacin da ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi duk kwanakin nan yana tsine wa masu duba kaya a zuciyarsa, yana cewa sun raba bawan Allah da gadonsa. Ashe kafin a zo nan an riga an raba su, a ƙofar soronsa, da fasasshiyar kwalba, mutane suna wucewa suna sa albarka. Kuma mako guda Ilu ya yi yana ɗauke da baƙon kalangu a hammata, yana gaisawa da shi safe da yamma, bai ce uffan ba.

"Baba, lafiya? A kawo ruwa?"

"Ara mini reza, 'yata."

Ta buɗe aljihun tebur ta miƙo masa, ta sauko da kalangun. Ya ɗora shi a cinya. Ɗinkin nan shi ya yi shi, ɗinkin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa, kuma shi ya bi shi yana tsinkewa. Tsarkiyoyi suka saki, fatar ta faɗi. 'Yan tsakuwoyi suka gangaro kan siminti, sun yi sumul saboda daɗewa.

"Haska nan ki gani."

Ta kunna fitilar wayarta ta leƙa. Wani tsohon wari ya bugo ta, na hayaƙi da ƙura da daɗewa. Ta zura yatsa ta shafa sawun gizagon, ta duba ƙananan ramukan da ƙwaro ya yi ya bari tun tuni.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Wannan ai ya girmi kowa a ginin nan. To wane ne ya yi masa wannan aika-aikar ta waje?"

"Ni ne."

Ta dube shi. Ta tsuguna ta tsince tsakuwoyin ɗaya bayan ɗaya ta zuba masa a tafin hannu.

"Fita da shi waje sai an nemi izini, wannan ba a hannuna yake ba. Amma komawa gida wurin mai shi, zan yi magana. Sai dai ka jira shugabanmu ya fito daga taro ya sa hannu."

Yana zaune a benci a waje, rana ta take, wayarsa ta yi ƙara. Lawal ne.

"Baba Gwadabe, kana ina?"

"Ina nan wurinsu. Albishirinka, sun yarda!"

"Ka taho gida. Jikin Baba ne ya ɗan matsa."

Duk wanda aka haifa a Kano ya san abin da ake nufi in an bugo waya aka ce jiki ya ɗan matsa. Gwadabe ma ya sani. Yana jin ƙarar jan benci a bayan muryar Lawal, yana jin sallamar maza da yawa. Amma ya toshe zuciyarsa ya ƙi sani.

"Ka ce masa na samo shi. Ka ji ko? Ka shiga yanzu ka ce masa ga ni nan tafe da shi."



"To," in ji Lawal, ya kashe.

Da ya tashi a lokacin da ya isa da wuri. Bai tashi ba. Ya ce wa Ilu da kalangu zai dawo, kuma ba zai taka lungun nan hannu biyu ba. Ya zauna yana murza tsakuwoyi a aljihu har aka kira azahar, har shugaban ya fito ya sa hannu. Malama Sa'ida da kanta ta samo buhu ta saka masa itacen da fatun, ta rako shi har bakin ƙofa tana cewa ya gaida mata tsohon.

Mai adaidaita sahu bai iya shiga lungun ba, mutane sun cika shi maƙil. Gwadabe ya sauka rungume da buhu, daidai lokacin da makara ta fito daga kwanar masallaci. An riga an yi salla. Tsofaffin mahauta ne a gaba, mutanen da ya yi shekaru bai gani ba, wasu da sanda, wasu ana riƙe da su, sun taso tun daga Ƙofar Wambai da Fagge, kowa yana neman inda zai sa kafaɗa.

Mutumin da ya bari da kofin koko a gaba! Mutumin da ya ce masa a dawo lafiya! Ya yunƙura zai bi su, sai wani dattijo ya dafa shi ya nuna buhun da haɓa, don bakin kalangun ya leƙo. Ba a bin gawa da kayan kiɗa. Gwadabe ya juya a guje ya cusa buhun a soronsa, ya dawo ya kutsa cikin mutane, takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ɗauka ba. Sai kusa da maƙabartar Ƙofar Mazugal ya sami gurbi ya sa kafaɗarsa. Makarar ba nauyi ko kaɗan, abin da ya karya masa zuciya ke nan ya fashe da kuka a tsakiyar titi, maza suna ce masa ya yi salati.

Bayan la'asar, da masu gaisuwa suka ɗan ragu, ya ɗauki buhun ya shiga gidan. Matan da ke tsakar gida suka gyara lulluɓi suka ba shi hanya. Gwaggo Tani tana zaune a bakin ɗaki, a kan tabarmar da Ilu yake kwanciya, carbi a hannu. Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Matar Yaya, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Malam Gwadabe. Ya namu gaba ɗaya."

"Ya aka yi? Na bar shi lafiya."

"Lafiya ƙalau. Ya shanye kokonsa, ya ce in ba shi ruwa ya yi alwalar walaha. Na shiga ɗauko buta, na fito na same shi yadda ka bar shi, a jingine. Na ɗauka gyangyaɗi yake yi, har ina yi masa tsiya."

Gwadabe ya tura buhun gabanta.

"Na kawo shi. Sun bayar."

Ba ta ko kalli buhun ba. Ta juya ta ɗaga matashin da ke bayanta, ta zaro wani ƙulli, guntun tsohon rawani ne an ɗaure bakinsa tam. Ta ajiye a gabansa.

"Ka tuna ranar da ka ce ina shirin dawowa gidanka?"

Ya gyaɗa kai, bai gane ba tukuna.

"Shi ya aike ni. Ya ce in yi sauri in kwaso baƙin da ka kankare kafin iska ta watsar, kuma kada in bari ka gane. Ya zauna ya tsince ƙasa da yayin fata da hannunsa, ya ƙulle sauran. Tun ranar a ƙarƙashin kansa yake kwana."

Gwadabe ya taɓa ƙullin ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

"Me ya sa bai faɗa mini ba? Me ya sa bai zage ni ba, Tani? Ai da ya zage ni!"

"Na ce masa haka. Na ce ni bari in je in faɗa maka. Ya ce in na yi bai yafe ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ya ce yini guda ka yi a rana kana yi masa gwaninta, ka shigo kana dariya har kunne. Ya ce to ta ina zai fara?"

Can ta tura masa ƙullin da buhun duka biyu.

"Tafi da su. Lawal ba ya kiɗa, ni kuma ba zan iya kallonsu ba."

Ya koma soronsa ya zauna a inda yake zama kullum. Daga waje ana jin masu gaisuwa suna ta Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta. Ya zaro itacen daga buhu ya ɗora a cinya, ja wur, ba fata, ana hango ƙofar gidan Ilu ta cikinsa. Ya kwance ƙullin da haƙori. Baƙin yana nan a nannaɗe yadda ya zubo daga bakin kwalba, warin tukuba da kitse ya cika soron.

Ya lashi babban yatsansa, ya dangwalo kaɗan, ya danna a ƙugun kalangun, daidai inda tabon wutar yake a da. Ya riƙe ya daɗe, sannan ya ɗaga yatsan a hankali. Baƙin ya ɗan tsaya, sai ya saki ya faɗo kan gwiwarsa. Gwadabe ya tsince shi ya sake lasar yatsa.